Murfin Butar Kaka

Tun da na yi wayo na san butar kakana baƙa ce. Ba baƙin fenti ba, baƙi irin na gindin tukunya, wanda ya zauna har ya zama jikin abu. Ta tagulla ce, mai dogon wuya da siririn hanci, da ɗan murfi mai tsini a ka. Kaka ya sayo ta a hanyarsa ta dawowa daga Makka, zamanin da ya je da ƙafa yana saurayi, kuma da ita ya yi ta alwala har ya bar duniya. Butocin roba suka zo suka cika gari, jikoki suka sayo masa kala-kala, ya ce a ba yara. Da sanyi Inna, mahaifiyata, takan jingina ta a gefen murhu don ruwan ya yi ɗumi, hayaƙi ya yi ta bin ta shekara da shekaru. Ni dai ban taɓa tambayar kaina ko akwai wani launi a ƙarƙashin wannan baƙin ba.

Inna ce babba a 'ya'yan Kaka. Bayanta akwai namiji, sai kuma Kawu, autansu. Kawu yana jariri uwarsu ta rasu, Inna ce ta goya shi, ita ta yaye shi da kunu, shi ya sa har ya yi furfura ba ta kiransa da komai sai Auta. Da mahaifina ya rasu ta koma gidan Kaka, a ƙauyenmu na wajen Dogo-Dogo, ta yi jinyarsa har ƙarshe. Ni kuwa ina aure a Magaria, nakan hau moto, wato babur, in je in duba ta.

Bayan rasuwar Kaka ba a yi saurin raba gado ba, sai ga na tsakiyan nan shi ma ya bi shi, ya bar mata da yara ƙanana. A nan liman ya ce to, yanzu haƙƙin marayu ya shigo, a raba komai a huta. Aka raba gona, aka raba awaki, aka raba har tabarmi. Da aka zo kan buta aka tsaya, don ba a tsaga buta gida uku. Liman ya ce a samo wanda ya san darajarta ya yi mata kuɗi, a sayar, kowa ya ɗauki rabonsa.

Kawu ne ya samo mutumin a kasuwar Dungass. Dillalin tsofaffin kaya ne daga Damagaram, irin masu bin kasuwannin ƙauye suna tambayar wa ke da tsohon akushi, wa ke da mundayen kakarsa, su kai wa masu tara kayan tarihi a Yamai. Ina gidan ranar da ya zo. Aka fito masa da butar zaure, ni na laɓe a ƙofa ina kallo, don ban yarda da mutumin da ke cin abinci da kayan matattu ba. Amma gaskiya ya san aikinsa. Ya ɗaga ta a tafin hannu yana jin nauyinta. Ya ɗan ƙwanƙwasa cikinta da farce ya kara a kunne. Ya buɗe murfin ya shinshina, ya haska ciki da fitilar salula, ya juya gindinta ya daɗe yana dubawa. Sannan ya ɗauke ta hoto, ya ce akwai wani anasara, bature, da ke neman irinta. Kuɗin da ya faɗa ya kai na saniya da ɗanta. Na ga Kawu ya gyara zama.

Da zai tafi sai ya cire murfin ya naɗe a tsumma ya sa aljihu.

Kawu ya ce, "Malam, ya haka?"

Ya ce, "Haka muke aiki, Alhaji. Buta ba murfi, ba wanda zai saye ta a bayana. Murfi ba buta, ni ma ba inda zan kai shi. Zan nuna wa mai sayen ya ga irin ƙarfen, in dawo da kuɗi."

Suka fita waje suna ta magana ƙasa-ƙasa, su maza. Aka mayar da butar ɗakin Inna, inda take zaune tun farko, ni kuma na koma Magaria.

Ranar da dillalin ya ce zai dawo na yi sammako na je. Na tarar da Inna ta share tsakar gida ta yi wanka ta sa zanenta na fita. Ta ce in shiga ɗaki in ga wani abu. A kan faifai, an rufe da farin ƙyalle, ta yaye. Wallahi sai da na ja da baya. Buta ce ja-jawur tana ɗaukar ido, tun daga gindi har wuya zane ne, rassa da ganyaye suna nannaɗe juna. A can bakinta, inda murfi ke zama, akwai jerin furanni da aka zana rabi-rabi, kamar maƙerin ya gaji ya bari.

Na ce, "Inna, wannan fa?"

Ta yi dariya, abin da na daɗe ban gani ba. Ta ce, "Butar kakanki ce mana. Haka take. Haka uwata ke mai da ita duk jajibirin Salla, da toka da tsamiya. Da ta rasu na ɗauka zan wanke, Baba ya ce in bari, mai wanke ta ta tafi. Ban ƙara taɓa ta ba. To yanzu za ta bar gida, za ta shiga hannun baƙi. In bar ta ta tafi da dauɗa a ce 'yarsa ƙazama ce?"

Ranar da mutanen gidan suka tafi bikin suna a maƙwabcin ƙauye ta zauna ita kaɗai a bayan ɗaki ta yi aikin. Wuni guda tana dirza. Har cikin ta zuba yashi da ruwan tsamiya ta yi ta girgizawa. Yatsunta duk sun tsattsage, ta nuna mini tana alfahari. Ni ma na ji daɗi a lokacin, na ce ai yau dillali sai ya ƙara kuɗi.

Inna da kanta ta kai butar zaure, ta durƙusa ta ajiye a gaban baƙo, ta yaye ƙyallen. Ina tsaye a bayanta. Dillalin ya dubi butar, ya dubi Kawu, ya ciro salula ya buɗe hoton da ya ɗauka. A hoton ba ka ganin komai sai baƙin abu mai dogon wuya. Ya ɗaga butar ya ƙwanƙwasa, ya shinshina, ya haska ciki. Fuskarsa ta canza.

Kawu ne ya fara magana. Ya ce, "Yaya, ina butar Baba?"

Ta ce, "Ga ta gabanka, Auta."

"Butar Baba ba ta da zane."

"Tana da shi. Wanke ta na yi."

"Ni aka haifa jiya? Na girma ina zuba masa ruwa da ita. Ko layi ɗaya babu a jikinta."

Inna ta juya wajen dillalin, tana jiran ya raba gardama. Ya ajiye butar a hankali. Ya ce, "Inna, ki yi haƙuri, ni ba zan ce kin yi ƙarya ba. Amma ba zan iya cewa wannan ce na gani ba. Ko ƙararta ta sake, cikinta kuwa tsamiya kawai nake ji. Irin wannan har gobe ana ƙera su a Kano, a yi musu zane. Kuma an sha yi mini: a nuna mini tsohuwa, wani ya zagayo ya ƙara kuɗi ya ɗauke ko ba murfi, a ajiye mini sabuwa." Na tambaye shi ina murfin, a gwada mana. Ya ce yana Damagaram, wajen wakilin mai sayen. Ya tashi ya tada motonsa ya tafi da kuɗinsa.

Kafin la'asar magana ta gama gari. Aka tuno cewa an ga Inna ranar kasuwar Dungass ta tafi da ƙunshi a ka ta dawo da ƙunshi. Gyaɗa ta kai, ta sayo gishiri da tsamiya, amma wa zai tsaya ya ji wannan? Aka tuno cewa wani mai sayen tsofaffin kaya ya ratsa ƙauyen a makon nan. Mutanen da ba su taɓa riƙe butar ba duk suka zama shaidu cewa baƙa ce sumul. Abin haushin shi ne ba ƙarya suke ba, haka suka san ta. Duk wanda ya taɓa ganin ta tana walƙiya yana kabari, in ban da Inna.

Kawu ya kai magana gaban maigari. Ya ce shi ba don kansa yake ba, don marayu yake. Ya ce in Yaya gaskiya take faɗa, ta dafa Alƙur'ani, shi ke nan magana ta mutu.

Wanda bai san garinmu ba zai ce to mene ne, mai gaskiya ai ba ya tsoron rantsuwa. Amma a wajenmu tsohuwar da aka sa ta dafa Alƙur'ani a bainar jama'a ta gama yawo. Daga ranar ido na kanta. In ta yi tuntuɓe, a ce rantsuwa ce. In akuyarta ta mutu, a ce rantsuwa ce. Inna kuwa tana da hawan jini, gwiwoyinta sun kumbura, ko ba jima ko ba daɗe za ta kwanta ciwo kamar kowane tsoho. Ranar da ta kwanta, gari zai ce ga shi nan, ta ci dukiyar marayu. Ko bayan ta mutu haka za a riƙa faɗa wa jikokinta. Wannan shi ne abin da ya hana ni sukuni.

Ni Allah ya yi ni da baki, kuma ban taɓa neman magani ba. Na tare Kawu a ƙofar gidansa yana ɗaure jaki. Na ce, "Kawu, bayan da ya goya ka shi za ka kai gaban maigari?"

Ya ce, "Ke, ki iya bakinki. Da ubanki kike magana."

Na ce, "Ubana bai taɓa kiran uwata ɓarauniya ba."

Ya ce shi bai kira ta ɓarauniya ba, gaskiya kawai yake nema. Na ce gaskiyar da ta kai saniya da ɗanta ai dole a neme ta da gudu. Ya ɗaga igiyar jakin kamar zai zabga mini, matarsa ta fito ta shiga tsakani. Da na koma gida Inna ta riga ta ji. Maimakon ta gode mini sai ta yi mini faɗa, ta ce ko me ya yi kawuna ne. Na ji kamar in fasa ihu.

Kwanakin nan Inna ba ta kare kanta a wajen kowa ba. Ta daina zuwa rijiya da safe, sai rana ta take, lokacin da mata suka watse. Uwar marayun, wadda kullum takan leƙo su gaisa, ta ɗauke ƙafa. Na kawo wa Inna tuwo ta ci loma biyu ta ture. Butar kuwa tana nan kan faifai a rufe da ƙyallenta, ba mai kallon inda take. Na tambayi Inna ko akwai wata alama da za ta nuna, wani abu da ita kaɗai ta sani. Ta ce, "A kawo murfin." Iyakar abin da ta faɗa ke nan.

Maigari ya sa ranar zama. Kawu ya ce ba sai an jira dillali ba, ai ya riga ya faɗi tasa. Na ga in na zauna za a yi rantsuwar nan ba murfi, sai na koma Magaria na shiga motar Damagaram.

Da tambaya na gano rumfarsa. Ciki cunkus da kaya: akusa, takubba, tanduna, mundaye jibge a kwando, tsofaffin kuɗi masu huda a tsakiya. Ba ya nan, maƙwabcinsa ya ce in zagaya baya. A bayan na tarar da shi tsugune gaban wani rami mai hayaƙi, ya rataye sababbin akusa a sama suna shan hayaƙin. Gefe guda an binne mundaye a jiƙaƙƙiyar ƙasa mai warin kanwa. Bai ji kunya ba ko kaɗan. Ya ce waɗannan na masu son ado ne, kowa da kasuwarsa.

Na ce, "Wato ku ku mai da sabo tsoho ku ci kuɗi, uwata ta mai da tsoho sabo ta zama ɓarauniya."

Ya goge hannu a riga ya dube ni. Ya ce, "Hajiya, su masu sayen nan ba tagulla suke saye ba, tagulla ai a kilo ake awon ta. Baƙin suke saye. Shi ne shekarun. In da gaske wanke ta ta yi, to shekarun ta wanke."

Na ce ni ba kuɗinsa ya kawo ni ba. Na gaya masa zancen rantsuwa. Ya gyaɗa kai, don shi ma Bahaushe ne, ya san me ake nufi. Ya shiga ciki ya fito da tsumman nan, ya warware. Ga murfin baƙi ƙirin, kamar yadda na san shi tun ina yarinya, har ƙwalla ta zo mini. Ya ce ya karɓo shi daga wakilin, kuma ko shi kaɗai zai iya samun mai so, don akwai masu haɗa shi da wata butar. Na ce ba nasa ba ne balle ya haɗa. Ya ce ya sani. Na gaya masa ranar zama, na ce ya zo da murfin.

"Zan zo," in ji shi. "Amma ki ji da kyau. In na ɗora bai zauna ba, abin da na gani zan faɗa. Ba zan yi wa kowa kara ba."

Duk hanyar komawa abu ɗaya nake tunani. A Damagaram ɗin na bi ta wajen masu sayar da kayan tagulla, na ga butoci jere, ja-jawur, masu dogon wuya da zanen ganye. Da za a sa tamu a cikinsu a ce in tsamo ta, ban san ko zan iya ba. Ban yi shakkar Inna ba ko sau ɗaya. Tsorona shi ne gaskiya ta zo ta rasa abin da zai tsaya mata.

Aka zauna bayan la'asar a ƙofar gidan maigari. Dattawa a tabarma, mata can baya jikin katanga, har waɗanda ba ruwansu. Liman na zaune da gafakar Alƙur'ani a cinya, kansa a sunkuye, ka san ba da son ransa ya ɗauko ba. An aika wa Inna ta zo da shirin alwala, don ba a dafa Alƙur'ani sai da tsarki. Ta zo tana dogara sanda, ni ina riƙe da butar. Ita ta cika ta da ruwa da hannunta, ta ce in za ta yi alwalar da ita za ta yi.

Dillalin bai iso ba. Maigari ya yi ta jan gaisuwa, ya tambayi amfanin gona, ya tambayi farashin gero. Kawu ya ce, "Ranka ya daɗe, rana na tafiya." Ni kunnena na kan hanya. Moto ya wuce, ba shi ba ne. Maigari ya yi gyaran murya ya ce wa Inna ta matso. Ta ajiye sandarta ta fara naɗe hannun riga. A lokacin muka ji ƙarar wani moton ya tsaya.

Ya gaida maigari, ya tsuguna, ya warware tsumman. Mutane suka yi ta miƙa wuya, ana cewa ƙwarai wannan murfin Kaka ne, kowa ya gane shi. Ya jawo butar gabansa ya ɗora. Murfin ya shiga, amma da ya taɓa shi da yatsa sai ya yi rawa, ƙwal-ƙwal.

Wurin ya ɗauki gunaguni. Kawu ya ce, "To, kun gani."

Na ce da ƙarfi, "Dauɗar bakin aka kankare, dole ya yi rawa!" Wani dattijo ya ce a yi wa yarinyar nan magana. Ina da 'ya'ya huɗu a lokacin, amma a wajensu ni yarinya ce.

Maigari ya tambayi dillalin me ya gani. Ya ce, "Ranka ya daɗe, abin da ta faɗa yana yiwuwa. Yana kuma yiwuwa ba murfinta ba ne. Da wannan kaɗai ba zan yanke ba." Na so in shaƙe shi, ga shi kuma ya riga ya gaya mini haka zai yi. Liman ya sa hannu ya fara kwance igiyar gafaka, a hankali, kamar mai fatan wani ya hana shi.

Sai Inna ta ce, "Malam, miƙo mini murfin."

Ta kwance haɓar zanenta. Ashe ta ƙullo toka da jiƙaƙƙiyar tsamiya a leda, ko ni ba ta gaya wa ba. Dillalin ya ga abin da ke hannunta ya janye murfin. Ya ce, "Inna, in kika goge wannan, shi ke nan. Shi kaɗai ya rage da za a kai wa mai saye."

Kawu ya miƙe. Ya ce, "Ta ɓatar da buta, yanzu kuma za ta lalata ɗan abin da ya rage wa marayu? Ranka ya daɗe, kar a ba ta."

Maigari ya dubi dattawa, don maganar marayu ba wasa ba ce. Daga can jikin katanga sai muka ji muryar uwar yaran, matar da ko gaisuwa ba ta ɗaga murya. Ta ce, "A ba ta ta goge. 'Ya'yana ba za su ci kuɗin da aka rantsar da gwaggonsu a kansa ba." Dillalin ya dubi murfin ya ɗan jima, sannan ya miƙa wa Inna da hannu biyu.

Ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafa, kamar tana bayan ɗakinta. Ta tsiyaya ruwa daga butar, ta dangwali toka, ta sa babban yatsa a gefen murfin ta fara murzawa. Baƙin shekaru ba ya fita da sauri. Tun mutane na tari har aka yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar toka a jikin ƙarfe. Tsagar yatsanta ta buɗe, jini ya gauraya da tsamiya, ba ta tsaya ba. Na ce ta ba ni in karɓe ta, ta ture hannuna.

Can sai ja ya ɓullo, ɗan wuri kamar ƙwayar gyaɗa. Ta ci gaba tana zagaya gefen. Layi ya fito, wani ya biyo shi. Da ta gama zagaye ta ɗauraye, ta ɗaga. Jerin furanni ne a gefen murfin, rabi-rabi.

Ba ta ɗora da kanta ba, dillalin ta miƙa wa. Ya ɗora, rabin sama da rabin ƙasa suka saɓa. Ya fara juya murfin a hankali. Ya juya, ya ƙara juyawa, sai ya tsaya. Kowane fure ya cika. Har wani guda da hannun maƙerin ya goce ya ja masa dogon layi, layin ya taso daga wuyan butar ya ƙare a kan murfin. Ya ɗaga ta ya zagaya da ita gaban dattawa ɗaya bayan ɗaya.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ita ce. Tare aka zana su, suna rufe. Ba maƙerin da zai iya yi wa wannan murfin wata butar."

Liman ya mayar da igiyar gafakarsa ya ɗaure da sauri. Mata suka ɗauki salati. Ni kuwa na zauna a ƙasa na yi kuka a gaban kowa, ban damu ba.

Dillalin ya juya wajen Kawu. Ya ce, "Alhaji, ranar da na zo, a waje ban ce maka a gaya wa mutanen gida kar a wanke ta ba? Ban ce ko ruwan sabulu kar ya taɓa ta ba?"

Kawu ya ce, "Ka faɗa." Ya kawar da kai. "Ban ga abin kai wa mata wannan maganar ba."

Maigari ya tambayi darajarta yanzu. Dillalin ya ce anasaran ba zai saya ba, abin da za ta yi bai wuce na tunkiya ba. Sai ya rage murya ya ce in an yarda ya tafi da ita, zai rataye ta a hayaƙi zuwa damina, ta koma yadda take, tunda dai tsohuwar ce ta gaskiya. Na ga wasu dattawa suna gyaɗa kai. Inna tana goge yatsanta a zane ta ce, "Wancan baƙin na alwalar ubana ne, na kuwa wanke shi. Wanda za ka sa mata ban san na wane ne ba. Bar ta."

A nan gaban liman ta ce tunda ita ta jawo asarar, ta ba da tumakinta duka, a raba wa marayu da ƙanenta, a bar mata butar. Uwar yaran ta ce ba ta so, Inna ta ce ba ke na bai wa ba, su na bai wa. Kawu bai ce ba ya so ba.

Washegari da hantsi ya shigo gidan da goro a hannu. Ya tsuguna a ƙofar ɗakinta ya ce, "Yaya, to alhamdu lillahi, gaskiya ta fito. Dama abin da nake nema ke nan." Na buɗe baki, Inna ta harare ni na rufe. Ta karɓi goron ta ce, "An gode, Malam. A gaida gida." Ya ɗago ya dube ta, ita kuwa ta mai da kai ga tsintar waken da take yi. Da ya fita ta ce mini, ba tare da ta ɗago ba, "Da murfi ya yarda, ba da ni ba."

Ta ci gaba da aika masa tuwon Salla, ta je sunan jikokinsa, da ya yi ciwo ta dafa masa kunu. Amma har ta koma ga Allah ban ƙara jin kalmar Auta a bakinta ba.

Butar tana wajena a Magaria. Duk jajibirin Salla nakan zauna da toka da tsamiya in dirje ta, duk da wani ya ce mini in na ƙyale ta jikokina za su ci kuɗinta. Kawu yana nan da ransa, ya tsufa, idonsa ya fara rauni. Bara ya zo asibiti ya sauka gidana. Da azahar ta yi na cika butar na ajiye masa a gefen tabarma. Ya laluba, hannunsa ya sauka a kan murfin, yatsunsa suka bi furannin nan. Ya daɗe a haka. Sannan ya janye hannunsa ya ce, "'Yata, ba ku da ta roba?"